Yadda ake sa ido kan lotsawar ƙasa da zaftarewar gangare a saman ramin kwal

Wani ƙanina da ya karanci aikin safiyo ne ya kira ni da daddare, wai yaya an ce ni zan riƙa duba ko ƙasa na motsi a saman ramin kwal ɗin da aka tura ni, ta ina zan fara? Muka yi ta magana har katinsa ya ƙare ban kai rabin abun da nake son gaya masa ba, shi ne na ce bari kawai in zauna in rubuta, shi ya karanta, duk wanda irin wannan aiki ya faɗo wa shi ma ya ɗauki abun da zai ɗauka.

Kafin ka taɓa kowane inji, je ka ofishin injiniyan rami ka ce a ba ka taswirar ƙarƙashin ƙasa, kar ka yarda da "za mu turo maka". Abu huɗu kake nema a ciki: zurfin kwal ɗin daga doron ƙasa, kaurinsa, inda aka riga aka kwashe da inda za a nufa, sai kuma irin haƙar da ake yi. Shi kwal a shimfiɗe yake kamar katifa tsakanin duwatsu, in ka zare katifar to abun da ke samanta dole ya sauko, yau ko gobe. Akwai masu kwashe falle guda gaba ɗaya, inji na tafiya gaba rufin na ruftawa a bayansa da gangan, wannan ƙasar sama takan lotsa ne kamar akushi, da wuri, kuma ana iya lissafa ta. Akwai kuma masu barin ginshiƙan kwal su tokare rufin, wannan shi ne munafukin, don zai iya yin shiru shekara talatin ko hamsin ko fiye, an yi gidaje an yi makaranta an manta, ran nan ginshiƙi ya gaji ko rufin wata mahaɗa ya faɗa sai a wayi gari da rami a tsakar gidan mutum, musamman inda haƙar ba ta yi zurfi ba.

Mu a Najeriya in ana maganar kwal na ƙarƙashin ƙasa to Enugu ake nufi. A 1909 aka gano shi a tsaunukan Udi, aka soma haƙa wajen 1915, aka ja layin dogo zuwa Fatakwal saboda shi, ga ramukan Iva Valley da Onyeama da Okpara waɗanda ta gefen tsauni ake kutsawa cikinsu. Kuma abun da ya sa wurin ya zama darasi shi ne a saman kwal ɗin akwai wani dutsen yashi mai rugurguzawa da ke shan ruwa kamar soso, masana na ce masa dutsen Ajali, ba ajalin da muka sani ba dai, sunan wani kogi ne a yankin, amma wallahi sunan ya dace. Kaga an haɗa uku kenan, rami a ƙasa, gangare a sama, ga ruwa a tsakani. Na Maiganga a Gombe da na Anu Araren kusa da Cirozerin a Agadas ta Nijar buɗaɗɗun ramuka ne, daga sama ake yaye ƙasa, don haka maganar lotsawa ba ta cika shafarsu ba, amma duk abun da zan faɗa kan gangare da tulin ƙasar da ake jibgewa ya shafe su.

To yanzu lissafi kaɗan, kar ka tsorata. Lotsawar ba ta tsayawa daidai saman inda aka haƙa, tana bajewa gefe da gefe. Turawan Ingila da suka daɗe suna auna nasu ramukan sun samu cewa bajewar tana bin kusurwar da ta kai digiri 35, wato a sauƙaƙe ka ɗauki zurfin ramin ka ninka da 0.7, abun da ya ba ka shi ne nisan da motsin zai kai daga bakin inda aka kwashe. A ce kwal na zurfin mita 200, to mita 140 daga gefen haƙar duk ƙasa mai motsi ce. Sannan in fallen da aka kwashe yana da faɗi sosai, tsakiyar akushin kan sauka har kusan kashi 90 cikin 100 na kaurin da aka cire, ka cire mita 2 ƙasa ta sauka kusan mita 1.8. Wannan nasu ne fa, inda akwai dutse mai tauri da kauri a sama abun bai kai haka ba, shi ya sa kai aka ɗauke ka aiki, ka auna ka samo na wurinku. Amma da shi zaka fara zana da'irar haɗari a taswira.

Abun da ya fi komai muhimmanci a aikin nan, kuma inda na taɓa shan kunya, shi ne turken asali, wato bikon ɗin da duk awonka zai dogara a kansa. Dole ya kasance a wajen waccan da'irar, nesa sosai, ni ina ninka nisan sau biyu in akwai hali, kuma a kan dutse in an samu. In babu dutse a haƙa rami mai zurfi a zuba kankare da rodi, a bar kan rodin ya ɗan leƙo a goge shi ya yi mulmul. Kuma guda uku zaka yi ba ɗaya ba, a wurare daban daban, don in biyu ne suka saɓa ba ka san wanne ke ƙarya ba, amma in uku ne biyu za su tona asirin ɗaya. Wani aiki da na taɓa yi, na tarar da bikon da wanda ya gabace ni ya kafa a gindin wata bishiyar mangwaro, wuri mai inuwa mai daɗin aiki, ban tambaya ba na ɗora a kai. Wata huɗu ina kai rahoto cewa ƙasa lafiya lau, 'yan milimita ne kawai, alhali wata tsohuwa a unguwar kullum sai ta tare ni ta ce ɗan nan ƙofar ɗakina fa ta daina rufuwa. Ina ce mata Baba damina ce katako ya kumbura. Ashe bikon ɗin nawa shi ma yana cikin akushin, tare suke sauka da sauran turakun, kamar mutum biyu a kwalekwale ɗaya kowa na cewa ai ba ma tafiya. Ran da na ja awo daga wani dutse can nesa na ga abun da ya fito sai da na zauna a ƙasa. Baba ta fi injina gaskiya.

Bayan turken asali sai turakun awo. Layi biyu aƙalla, ɗaya ya ratsa fallen haƙar a gicciye ya wuce da'irar ta kowane ɓangare, ɗaya kuma ya bi tsawonsa ta inda injin zai nufa. Tazarar da ke tsakanin turke da turke kamar kashi ɗaya cikin ashirin na zurfin, wato a misalinmu na mita 200 duk bayan mita 10. Mutane na ganin ya yi yawa su ce a yi duk mita 50, to zaka ga lotsawar amma ba zaka ga inda ƙasa ke miƙewa da inda take matsewa ba, kuma wannan ne ke fasa gini, ba saukar kanta ba. Gida in ya sauka gaba ɗaya daidai wa daida ko mai gidan ba zai sani ba. A bakin akushin ne ƙasa ke jan kanta ta dare, a ciki kuma ta matse har kaga daɓe ya kumbura ya tashi ko bututun ruwa ya lanƙwashe. Don haka banda tsayin kowane turke, ka riƙa auna tazarar da ke tsakaninsu da tef ɗin ƙarfe ko da inji.

Wata shawara da babu ita a littafi, kar ka bar ƙarfe a fili. 'Yan gwangwan za su tone shi cikin sati guda, ni an taɓa kwashe min goma sha ɗaya dare ɗaya. Ka binne kan turken ƙasa da doron ƙasa kamar taƙi ɗaya, ka rufe da marfin siminti ka tura ƙasa a kai, ka rubuta inda yake a littafinka da nisansa daga abu biyu da ba sa gusawa. Kuma ka je wurin mai unguwa da masu gonakin tun farko ka yi musu bayani, don manomi in ya ga baƙon siminti a gonarsa abun da zai fara zuwa ransa shi ne gwamnati za ta ƙwace fili, ya sa fartanya ya tumɓuke.

Awon farko kafin haƙa ta iso wurin ake yinsa, tun ran gini tun ran zane. Sau biyu ko uku, a ranaku daban, ka ɗauki matsakaici. In ka zo bayan an fara to abun da ya riga ya sauka ya tafi kenan, ba ka da hanyar sanin nawa ne. Injin lebur, wato na'urar auna bambancin tsayin wurare, da sandarsa har yanzu babu kamarsa wajen auna sauka, yana ba ka milimita, amma da sharaɗi: ka tashi daga turken asali ka bi layi ka dawo ka rufe a kan turken asali, in bambancin ya wuce 'yan milimita ka sake, kar ka raba kuskuren a kan turaku ka ce ya wuce. Nisan sanda ta baya da ta gaba daga injin su zo ɗaya, kuma da sassafe ake yi, don da rana ta take iska ta fara rawa a cikin madubin lambobin sai su yi ta yi maka gizo. GPS na safiyo yana da kyau wajen motsin gefe da wurin da ke da faɗi, amma wajen tsayi ya fi rauni sau biyu zuwa uku, in kuma kana son milimita sai ka bar shi a kan turke awanni yana ɗauka. GPS na waya kuwa kar ma a kawo maganarsa, kuskurensa mita mita ne. Sau nawa za a auna? In bakin haƙar na nesa wata wata ya isa, in ya kusa shiga ƙarƙashin layinka sati sati, in yana ƙarƙashin gidaje ko titi ko layin dogo to kullum ko bayan kwana biyu, bayan ya wuce kuma kar ka tattara kayanka, akwai ragowar sauka da ke ci gaba a hankali har shekara ko fiye.

Gidajen mutane kuma nasu aikin daban. Kafin haƙa ku bi gida gida da wakilin mai unguwa, a ɗauki hoton kowane bango da kowace tsohuwar tsaga da kwanan wata a jiki, mai gida ya sa hannu, a auna zurfin ruwan rijiyoyi. Wannan shi zai raba gardama ranar da aka zo maganar diyya, don ranar kamfani zai ce tsagar tsohuwa ce, mai gida zai rantse jiya ta fito, kai ne a tsakiya. In tsaga ta fito, ka kafa ƙananan sukurori uku, biyu a ɓangare ɗaya ɗaya a ɗaya ɓangaren, ka riƙa auna tsakaninsu da ɗan ma'aunin nan na makanikai mai baki kamar filaya, haka zaka san ko buɗewa take ko gocewa sama da ƙasa. Masu manna gilashi a kan tsaga ban cika son nasu ba, in ya fashe ya ce maka an motsa amma bai ce nawa ba, kuma sau da yawa yaro ne ya jefe shi. Lokaci ɗaya na yini zaka riƙa aunawa don bango na buɗewa da zafi ya koma da sanyi. Sannan ka sani ba kowace tsaga ce ta rami ba, baƙar ƙasa mai laka tana tsukewa da rani ta kumbura da damina ta fasa gini ko babu kwal a garin, bambancin shi ne ita tana buɗewa tana rufewa da shekara, ta rami kuwa gaba kawai take yi kuma tana tafiya da lokacin da haƙa ta iso.

Yanzu gangare, wanda shi ne mai kisa. Lotsawa tana ɓata dukiya ne a hankali, zaftarewa kuwa minti ɗaya ce. Yadda suke haɗuwa shi ne lotsawar ta ɗan karkata tudun, ta buɗe tsaga a samansa, to ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan ƙadangaren ruwan sama ne. Ya shiga ya sauka har ya tarar da shimfiɗar laka da ba ya iya ratsawa, ya taru a nan, ya ɗaga nauyin ƙasar da ke sama ya mai da wurin santsi, shikenan tudu ya samu abun sulɓewa a kai. A Kanada a 1903 wani ɓangare na tsaunin Turtle ya sauko kan garin Frank da asuba, mutum sama da 70 suka tafi, kuma haƙar kwal da ake yi a gindin tsaunin na cikin abubuwan da suka raunana shi. Amma wanda ya kamata duk mai wannan aiki ya sani shi ne na Aberfan a yankin Wales na Birtaniya, 21 ga Oktoba 1966. Tulin ƙasar da ake fitarwa daga ramin kwal ne aka yi ta jibgewa a gangaren da ke saman ƙauyen, a kan idon ruwa, aka yi makonni ana ruwa, da safe yara sun shiga aji kenan tulin ya narke ya sauko kan makarantar firamare. Mutum 144 suka mutu, a ciki 116 yara ne. Abun da ke ci min rai a labarin shi ne ba wai tulin bai yi gargaɗi ba, ya taɓa zamewa shekarun baya, mutanen gari sun yi ta ƙorafi, idon ruwan ma yana cikin taswira, kuma a safiyar ranar ma'aikatan da suka hau sama sun tarar kan tulin ya lotsa, ga shi babu waya a wurin don an cire ta saboda ɓarayi na yawan sace igiyar, sai da mutum ya sauko da ƙafa ya kai labari.

Saboda haka na'urar farko a gangare ƙafarka ce da idonka. Ka zaga sama da tsakiya da gindi, sati sati da rani, da damina kuwa bayan duk ruwa mai ƙarfi. A sama kana neman tsaga mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, wadda ɓangaren ƙasa ya ɗan sauka kamar matakala. A tsakiya bishiyoyi da falwayoyi da shingen da suka karkace, da wayar wuta da ta yi tsauri ko ta yi sako sako ba dalili. A gindi kuma ƙasar da ta turo ciki, kwalbatin da ya matse, da sabon wurin da ruwa ke tsattsafowa. Idon ruwan da aka sani shekara da shekaru ya ƙafe rana ɗaya ana tsakiyar damina, ko ruwansa ya koma jawur da laka, wannan ba abun murna ba ne, ruwan ya canza hanya ne a cikin tudun. Makiyaya da mata masu ɗebo ruwa da itace sun fi ka sanin wurin, ka ba su lambarka, ka riƙa sa musu ɗan kati.

Sai ruwan cikin ƙasa. A haƙa 'yan burtsatse a gangaren, a zura bututun roba mai tsaga tsaga a ƙarshensa, a zuba yashi kewaye da wurin tsagar, a toshe samansa da laka mai kumbura da siminti don kar ruwan sama ya bi jikin bututun ya yi maka ƙarya. Ana auna zurfin ruwan da tef mai ƙara in ya taɓa ruwa. Akwai na zamani da ake binnewa yana turo lamba da kansa duk awa, in kamfani zai saya madalla, don ruwan cikin tudu kan tashi ya sauka cikin kwana ɗaya kai kana gida ba ka gani ba. Ka haɗa da ma'aunin ruwan sama a wurin, naka na kanka, ba na filin jirgin da ke nisan kilomita hamsin ba. Bayan damina ɗaya zaka fara gane halin tudunka, ruwa kaza in ya sauka cikin kwana kaza burtsatse kan tashi mita kaza, turaku su fara tafiya.

Don sanin a wane zurfi ƙasar ke sulɓewa akwai bututu na musamman mai kwarmi huɗu a cikinsa, ana binne shi a burtsatse har ƙarshensa ya shige dutsen da ba ya motsi, a zura na'ura mai 'yan tayoyi har ƙasa a riƙa jawo ta ana tsayawa duk rabin mita tana auna karkata, a juya ta a sake. In ka kwatanta na yau da na farko zaka ga daidai inda bututun ya fara gocewa. Amma a saman ramin kwal akwai tarko, gindin bututun da kake ɗauka a tsaye yake shi ma yana iya tafiya da lotsawa, don haka duk ranar awo ka auna bakin bututun daga turken asali. In babu kuɗin wannan, ga dabarar talaka: bututun roba mai laushi, ka ɗaure guntun rodi kamar rabin mita da igiya ka saukar da shi ƙasan bututun ka bar shi, duk sati ka jawo, ran da ya maƙale to bututu ya lanƙwashe a nan, ka auna igiyar. Ka zura wani rodin daga sama shi ma ya tsaya, tsakanin biyun nan ne wurin sulɓewar. A doron gangaren kuma a kafa madubai a kan sanduna, a riƙa harbo su da injin safiyo daga tudun da ke fuskantarsa wanda ka tabbatar ba ya motsi.

Tauraron ɗan adam ma ya shigo aikin. Akwai Sentinel-1 na Turai da aka fara harbawa a 2014, yana ɗaukar hoton rada, wato na'urar da ke auna nisa da igiyar rediyo, na wuri ɗaya duk kwana 12, kyauta ake saukewa, manhajar SNAP da ake sarrafa shi ita ma kyauta ce. Ana kwatanta hoto biyu a ga inda ƙasa ta matso ko ta yi nisa da tauraron, duk zobe ɗaya mai launi da ka gani a hoton kamar santimita 2.8 ne. Amfaninsa babba shi ne yana nuna maka inda ba ka kafa turke ba, kuma zaka iya komawa baya ka ga abun da ya faru shekarun da ba ka nan, tsofaffin ramukan da taswirarsu ta ɓace ma yakan tona su. Amma kar a ruɗe ka da kalar hoto. Inda ciyayi da bishiyoyi suka yi yawa kamar kudu da damina yakan rikice, motsin da ya nufi arewa ko kudu kusan ba ya ganinsa, in ƙasa na sauka da sauri sosai lissafin ya kan kuɓuce masa, kuma abun da ke zuwa bayan kwana 12 ba zai tashi mutane daga barci ba. Shi mai nuna maka inda zaka je ne da injin lebur.

Duk wannan tara lambobin banza ne in ba a karanta su a ranar ba. Na sha ganin littafin awo cike fal a durowa, an yi aiki tsakani da Allah amma ba wanda ya zana. Ranar da ka dawo daga fili, kafin ka ci abinci, ka zuba a Excel ka zana motsin kowane turke da kwanan wata, a ƙarƙashinsa ruwan sama da ruwan burtsatse da inda bakin haƙa ya kai. Kuma ba yawan motsin kake kallo ba, saurinsa kake kallo. Tudun da ya tafi santimita 30 cikin shekara biyar yana rage gudu bai kai haɗarin wanda ya tafi santimita 2 a satin nan alhali satin jiya rabin haka ya yi ba. Akwai dabarar da wani masani ɗan Japan mai suna Fukuzono ya fitar a 1985, ka raba 1 da saurin motsin ka zana. A ce kana aunawa duk kwana biyu, ka samu milimita 2 a rana, sai 2.5, sai 3.3, sai 5. A ido ba wani abun tashin hankali, milimita biyar ai ko kaurin fensir bai kai ba. Amma juya su, 0.5, 0.4, 0.3, 0.2, kaga layi ne miƙaƙƙe yana gangarowa, saura kwana huɗu ya taɓa sifili, kuma wajen nan ne ake sa ran zaftarewa. Ba duba ba ne, ba kowane gangare ne ke bin wannan ba, wani dutsen mai tauri yakan ɓalle ba sallama, kuma ba a jira sai ranar, tun layin ya nuna inda ya dosa ake kwashe mutane.

Wannan ya kawo mu ga takardar da nake cewa a rubuta tun ana zaman lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mataki uku, kore da ruwan ɗorawa da ja. A rubuta ƙarara saurin da in an kai shi za a ƙara yawan awo a kira injiniyan ƙasa, da wanda in an kai shi za a tsayar da aiki a rufe hanya a fitar da mutane, lambobin kuwa injiniyan ne zai sa su bisa halin wurinku, kar ka kwafo na wani rami. A rubuta sunan wanda ke da ikon cewa a tashi, da mataimakinsa in ba ya nan, da lambar mai unguwa da shugaban makaranta da limamin da lasifikarsa ke kaiwa ko'ina, da inda mutane za su taru, wanda ba gindin gangaren ba kuma ba cikin kwari ba. Manaja ya sa hannu. Dalili, ranar da lamba ta yi ja ranar ce za a ce maka ƙila injinka ne ya samu matsala, bari mu ga gobe, akwai motoci na jiran lodi. Eh ka sake awon nan take don ka tabbatar, amma sake awo awa ɗaya ne ba kwana ɗaya ba.

Tsagar da ta buɗe a sama kar a bar ta, a auna ta a ɗauki hoto sannan a cike da laka a daddanne, a yi magudana a saman gangaren ta kauce da ruwa, a riƙa yashe ta kafin damina. Banda ruwa akwai iska, tsagar da ta kai har tsohon rami tana shigar da iska, ragowar kwal kuma yana iya kama wuta da kansa, Jharia a Indiya tun 1916 wuta ke ci a ƙarƙashinsu. In ka ji ɗumi ko warin farar wuta ko ka ga hayaƙi na fita daga tsaga ka ja baya ka kira masu na'urar auna iska. Kuma dan Allah ko da wasa kar ka leƙa tsohon rami wai zaka duba ginshiƙi, mugunyar iskar ciki sau da yawa ba ta da wari ba ta da launi, numfashi biyu uku mutum ya faɗi, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi.

Ran da aka rufe ramin aka kashe injinan zuƙe ruwa, sabon babi ne ya buɗe, ruwa zai fara cika ramin yana hawa, ya jiƙa ginshiƙai da lakar da ke ƙarƙashinsu, wani wurin ma ƙasa ta ɗan ɗago sama maimakon sauka, ya kuma ɓullo a gindin tudu inda ba a taɓa ganin ruwa ba. Yankin Ruhr na Jamus wasu wuraren sun sauka fiye da mita 20, sun rufe raminsu na ƙarshe a 2018 amma famfunan tsotse ruwa ba ranar kashe su, in an kashe unguwanni ne za su koma tafki. To kai ma turakunka su zauna, a riƙa bin su ko sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina, kuma kwafin taswirar ramin da littafin awon a kai ɗaya ofishin filaye na ƙaramar hukuma ɗaya wurin hakimi, da takarda da kuma a kwamfuta, don masu yanka fulotai su san abun da ke ƙarƙashin ƙafarsu kafin su kafa bikon.